Mako na bakwai a zaman karatunmu: sharhin farko ya dawo da jan biro

'Yan'uwa masu zaman karatun yammacin Asabar a nan cikin birnin Katsina, da na Daura da ke bin darasin daga nesa, an gama duba sharhin farko da kowa ya rubuta. Karatun kansa ya zauna. Shafi goma a rana, minti ashirin zuwa talatin bayan an taso Islamiyya kafin magariba, yawanci an riƙe shi, kuma masu jira sai dare su ne suka makara, don wuta ba ta da alkawari. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun.

Kusan duk takardun ciwonsu ɗaya: an sake ba da labarin littafin daga farko har ƙarshe, aka sa masa suna sharhi. Alamar ba ta ɓuya. Ku ƙirga "sai" a shafinku. "Sai ya tafi kasuwa, sai ya gamu da wani tsoho, sai tsohon ya ce..." In ta wuce biyar a sakin layi ɗaya, tatsuniya kuke yi wa malam, shi kuwa ya riga ku karanta littafin. Taƙaita labari kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na aikin. A sharhi mai kalmomi 300, kalmomi 100 ke nan: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya, ina aka kwana.

Dalilin wannan ciwo tun a wajen karatu yake farawa. Wanda ya karanta littafi hannu sake, ba biro ba takarda, in ya zo rubutu ba abin da ya rage masa a ka sai jerin abubuwan da suka faru. Shi ya sa muka nace a kan littafin ajiya. Ku sami littafin rubutu na daban, ku ja layi a tsakiyar kowane shafi daga sama har ƙasa. Hagu: lambar shafi da abin da ya faru, jimla ɗaya tak. Dama: abin da kuka lura da shi. Karin maganar da aka kawo, wurin da halin tauraro ya canza, kalmar da ba ku sani ba, tambayar da ta tsaya muku. Layi uku a rana sun isa. Littafi mai shafi 70 zai bar muku layi kusan ashirin a mako guda, kuma ɓangaren dama shi ne sharhin, saura jerawa. Lambar shafin nan kada a raina ta. Ranar rubutu, neman wuri ɗaya da ba a sa wa lamba ba yana iya cinye rabin sa'a.

Sai maganar jigo, inda jan biro ya fi yawa. Da yawa sun rubuta "jigon littafin shi ne haƙuri" suka tsaya. Wannan ba laifi ba ne a matsayin jigo a taƙaice, haka ma akan amsa shi a jarrabawa. Amma warwarar jigo ake ba maki mai tsoka, ita kuma hujja take so. A ce labarin wani yaro ne maraya da ke tallan ruwa a tasha. Maimakon "yaron yana da haƙuri sosai", a rubuta: "Sau biyu aka zarge shi da sata, a shafi kaza da shafi kaza, bai rama ba ko sau ɗaya, kuma shirun da ya yi a karo na biyu shi ya sa direban ya amince masa." Ga magana, ga hujja, ga abin da hujjar ta haifar. Kowane sakin layi na tsakiya haka ake gina shi. Irin su "littafin yana da daɗi" da "ya ƙayatar matuƙa" kuwa, a soke su, ko a bi su da "saboda" nan take.

Wani kuskure da ya fito a takardun masu karanta Ruwan Bagaja: haɗa marubuci da mai ba da labari. Abubakar Imam ya rubuta littafin ne don gasar 1933, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina. Alhaji Imam da ke cewa "na tafi", "na gani" a cikin labarin tauraro ne, ba shi ba ne ya riƙe alƙalami. Kamannin sunan ne ke ruɗa mutane. In za ku yi maganar tafiya da dabarun da aka yi da Malam Zurƙe, abokin hamayyarsa a labarin, ku ce Alhaji. In za ku yi maganar yadda aka tsara labarin ko aka zaɓi kalmomi, ku ce marubucin. Masu karanta littafin Magana Jari Ce su ma su lura: labaran da aku ke bayarwa suna cikin wani babban labari ne, kuma a zubi da tsari wannan babban ake fara bayani, ba a bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya.

Salo bai sha wahala ba. An gane kamance cikin sauƙi saboda "kamar" da "tamkar" suna tona shi. Siffantawa (a ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye, ba "kamar") da mutuntarwa (a ba abin da ba mutum ba halin mutum) ne aka riƙa cakuɗawa. Za mu dawo kansu da misalai.

Ƙa'idojin rubutu kuma, gaskiya, abin ya yi yawa ga 'yan aji uku da BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ke gabansu. Ƙugiya ta ɓace a takardu da dama, alhali "kafa" daban, "ƙafa" daban, haka "bari" da "ɓari". Ana raba "yana", "suka", "masu" gida biyu, a kuma manne "a kan tebur" har ya koma "akan" na sabo. Katsinancinmu ma ya leƙo: "hwaɗi" a bakinmu daidai ne, amma a takardar makaranta daidaitacciyar Hausa ake bi, "faɗi" za a sa. In tauraro ne ya yi magana da karin garinsu, a kwafo ta yadda take a cikin alamar zance. Hanyar kama waɗannan: a bar rubutun ya kwana, washegari a karanta shi da ƙarfi, yatsa na bin layi, zagaye ɗaya don ma'ana, zagaye na biyu don ƙugiya da rabon kalmomi kawai.

Aikin mako na takwas: ba sabon littafi. Kowa ya ɗauki takardarsa da aka gyara, ya rage taƙaitawar zuwa kalmomi 100, ya ƙara sakin layi biyu masu hujja da lambar shafi. A zo da tsohuwar takardar maƙale da sabuwar, da littafin ajiya, don za a yi musaya bibbiyu kafin a miƙa. Wanda littafin aro ne a hannunsa ya kwafe wuraren da zai kafa hujja da su kafin ya mayar ranar Alhamis.