Hangen Dala daga cikin kwalekwale

Asabar, dare ya raba. Injin maƙwabta kaɗai ke ƙara, barci kuma ya ƙi zuwa, shi ya sa kuka gan ni.

Yau na gwada konbatar da Oga ya ara mini tun ranar Laraba. Mai ninka tsawo sau 1.4 ce, 'yar guntuwa, ba ta kai gwangwanin madara ba, ana ɗaura ta tsakanin kyamara da dogon gilashi. Gilashina iyakarsa milimita 400, da ita kuwa sai ya koma 560. Kwana uku ina ta juya wannan lissafi a raina kamar wanda aka yi wa alkawarin ƙarin albashi.

Ana sallame asuba muka fita ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru ni da Auta, sanyi kamar zai cire kunne. Muka tarar da Baba mai kwalekwale a bakin ruwa, ya naɗe kansa da mayafi, yana kwarfe ruwan cikin kwalekwale da tsohuwar roba. Bayan gaisuwa ya dubi jakata ya ce, “Malam, an zo da igwar?” Haka yake kiran gilashin kullum. Na ce masa yau igwar har ƙari ta samu.

Da fari abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Rana na ɗagowa muka ci karo da garken kirinjijiya a wani tsibirin yashi, suna ta fitonsu. Na ɗaga kyamara sai ga farar fuskar ɗaya daga cikinsu ta cika mini ido, har ɗigon ruwan da ke bakinta ina gani. Na miƙa wa Auta ya leƙa, ya ce kai Yaya, kamar ka miƙa hannu ka kamo ta. Can gefe kuma ga baƙin nan masu ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu, waɗanda ke tasowa daga arewacin Turai da Siberiya su zo su yi hunturu a gonakin shinkafarmu. Su ma na ɗauke su son raina. A lokacin har na fara tunanin nawa zan yi wa Oga tayi.

Sai dai konbata ba kyauta take ba da tsawon nan ba, da haske ake biyanta. Ƙofar hasken gilashina a ƙarshensa f/5.6 ce, ana ɗaura ta sai ta koma f/8, wato rabin hasken ya tafi ke nan. A cikin kwalekwalen da ke rawa ba a isa a rage saurin ɗauka ba, sandar kyamara mai ƙafa uku kuma ba ta da amfani a kan ruwa, don haka na bar shi a 1/1000 na daƙiƙa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, daga 800 zuwa 1600. Tsohuwar kyamarata kuwa daga nan take fara zuba wa hoto yashi-yashi. Ga shi a f/8 cikin ɗigogin saitin kyamarar na tsakiya kaɗai ke iya kama saiti da kansa, sauran duk sun yi barci. Mai ninkawa sau 2 ma da Oga ya so ya haɗa mini da ita, gara da na ƙi karɓa: milimita 800 a f/11, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai rage, sai dai in koma murɗa saiti da hannu.

Duk wannan na san shi a takarda. A aikace kuwa tsuntsun nan mai baƙi da fari, mai kamun kifi, shi ya koya mini. Ya zo ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya sunkuyar da baki yana duban ruwa, daidai yadda na shekara ina roƙon Allah ya ba ni shi. Na danna, gilashi ya tafi gaba, ya dawo baya, ya sake tafiya, yana lalube kamar makaho a kasuwar da bai sani ba. Kafin ya kama, tsuntsu ya faɗa ruwa ya fito da kifinsa ya yi gaba. Abin da na samu hoton tartsatsin ruwa ne guda bakwai.

Na yi tsaki. Baba ya kafa gorarsa a laka ya ce in ba shi labarin wannan ƙarin da na yi wa igwa.

Na ce, “Baba, tana jawo abin da ke nesa ne ya ƙara matsowa.”

Ya ce, “To me ya hana ta jawo wancan?”

Na yi masa bayanin haske, yadda take cin rabi. Ya jinjina kai ya ce ashe ciniki ne, ka ba da haske a ba ka nisa. Sannan ya nuna sama da haɓa, inda hazo ya fara sauka ya mai da gaɓar can fari fat, ya ce, “Ƙurar nan fa? Ita ma tana jawo ta, ko tsuntsun kaɗai ta sani?”

Auta ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, don tambayar ta same ni a inda ba na so. Konbata ba ta rage tazarar da ke tsakanina da tsuntsu ko da taku ɗaya. Abin da gilashi ya gani shi take faɗaɗawa, da kyansa da aibinsa. Idan akwai mita sittin na hazo a tsakani, mita sittin ɗin suna nan, sai dai a gan su da girma. Haka in rana ta take iska ta fara rawa a saman yashi, rawar ma ƙaruwa take yi. Na ce masa e, Baba, har ƙurar.

Ya ce, “Hangen Dala ke nan, Malam. Cire ta ka zauna da kyau.”

Na cire, ina kare bakin kyamara da rigata don kada ƙura ta shiga. Ya tura mu a hankali ta wata 'yar hanya cikin kacalla wadda ni ban ma lura da ita ba, muka ɓulla wani lungu da bado ya rufe, ya ɗaure kwalekwale a jikin ciyawa, ya ce kada wanda ya yi tari. Muka yi zaman kurame. Ƙafata ta yi sanyi, sauro bai san hunturu ba a wajen nan. Ina jin mun haura rabin awa. Sai ga ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu, mai jan jiki da shuɗin goshi, yana taka ganyen bado ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi. Ya yi ta matsowa har sai da na rage gilashin zuwa wajen 300 don ya shiga gaba ɗaya. Saiti ya kama nan take. Hoton da ya fi kowanne kyau yau shi ne wannan, konbata kuwa tana aljihun Auta.

Da a nan ranar ta tsaya da tuni na yi barci.

A hanyar dawowa ne bakina ya ja mini. Na ce, “Baba, yaushe za ka kai ni inda zan ɗauki gauraka?” Da wasa na faɗa. Bai amsa da wuri ba, sai da ya yi tuƙi uku ko huɗu. Sannan ya nuna wani fili can gabas, wanda yanzu kacalla ta cinye, ya ce lokacin da yake kamar Auta a nan suke sauka bibbiyu, da tukkun nan nasu mai ruwan zinare, suna rawa suna buɗe fiffike, kukansu kuwa tun daga gari ake ji. Ya ce ya manta rabon da ya ji kukan. Wasu an kama an kai gidajen masu kuɗi an yanke musu fiffike suna yawo a tsakar gida, saura kuma sun bi ruwa, ruwan kuwa ba ya zuwa yadda ya saba tun da aka tare shi a sama.

Ya ce, “Ka haɗa irin wannan ƙarin guda goma, Malam. In ka hango ta ka kira ni.”

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da gatse ne da na rama.

Tun ɗazu nake juya maganar. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kuma kowa a nan ya san ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ba ta koma yadda take ba. Inda ruwa ya daina hawa da sauka ya koma kwanciya wuri ɗaya, kacalla ta samu gida, ta toshe hanyoyin jirage, ta zama masaukin jan-baki masu cinye wa manoma hatsi. Wurin nan fa ba ƙaramin wuri ba ne. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci da kansa ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989, a 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Gauraka kuwa ita ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, amma yau mai son ganin garkenta sai dai ya nufi Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi. Ni kuma ina nan ina lissafin milimita 160 da aka ƙara mini.

Kifi banda na dubu biyu, Auta ya cinye rabi a mota. Hajiya ta kira sau biyu, ba sabis. Murfin gilashi ya faɗa ruwa, na uku ke nan bana.

Bayan isha na zuba hotunan a kwamfuta don in yi wa konbatar adalci. Akwai wata dinya da na ɗauka sau biyu daga wuri ɗaya, da konbata da kuma babu. Na yanke na biyun har girmansu ya zo ɗaya, wanda ke nufin na zubar da kusan rabin ɗigon hoton. Wanda aka ɗauka da konbata ya ɗan fi fitar da gashin wuya, kaɗan dai, sai an ƙura ido. Kirinjijiyar safe kuwa, da ke kusa kuma rana na bayana, nan konbata ta yi rawar gani, ba musu. Amma duk abin da ke can nesa cikin hazo, da ita da babu ita, kunu ne. Wato ta fi amfani a inda ban cika bukatarta ba: tsuntsu na kusa, a zaune, haske ya wadata. Ko da yake ta burge ni a abu ɗaya, ba ta ƙara mini nisan da gilashi ke fara kama saiti ba, don haka ga ƙananan tsuntsayen da ke zuwa shan ruwa a bayan gida za ta yi aiki.

Oga ya turo saƙo yana tambayar yaya ta yi. Na rubuta “Ta yi”, na goge, na rubuta “Sai mun haɗu Talata”.

A tsakiyar hotunan na tarar da wani da ban tuna na ɗauka ba. Ashe lokacin da Baba ke nuna filin nan na gabas na ɗaga kyamara na danna. Kacalla ce kawai da farin hazo, sai bakin gorarsa da ya shigo ta gefe, shi ma bai fito sosai ba. Na goge guda ɗari huɗu da wani abu yau, wannan na kai hannu sau biyu na fasa.

Batir ɗaya bai cika ba, maƙwabta kuma sun kashe inji.