Inda Na Kai a Ɗinkin Hula: Neman Aiki Marar Aibi

'Yan'uwa masu koyon ɗinkin hula, sannunmu da aiki. Jikin hular da ke hannuna ya kusa kammala, saura kai. A wannan karon abin da na sa a gaba shi ne in gane me manya ke nufi idan suka ce hula ba ta da aibi, domin kowa na faɗa amma ba abu ɗaya ake dubawa ba.

Mai saye launi yake fara gani, ya kafa ta a ka, ya leƙa madubi, in ta zauna shi ke nan. Innar da ke koya mini kuwa, da na miƙa mata aiki sai ta juya shi ta duba ciki. Can ne asirin mai ɗinki yake. Za ta bi da yatsa tana laluben ƙulli, tana duba inda zare ya ƙare aka ɗauko wani, ko an ɓoye bakinsa ko an bar shi yana reto. Daga nan ta ɗaga yadin a hasken rana. Inda aka ja zare da ƙarfi, yadin ya tattare. Inda aka yi sako-sako, farin yadi na leƙowa ta tsakanin ɗinki. Ni yanzu a nan nake fama, wato daidaita jan zare. Na lura hannuna ya fi nutsuwa da hantsi, shi ya sa na mayar da wurare masu ƙananan zane zuwa lokacin, da yamma kuma in cike filin da launi ɗaya ne. Kuma kada ku yanko zare mai tsawo don gudun yawan zura allura, yana laushi ya yi gashi kafin ya ƙare, ƙyallinsa ya dushe.

Wuri na biyu shi ne mahaɗa, inda bakin jikin hula biyu ke gamuwa a baya. Dole zanen ya ci gaba kamar ba a yanke shi ba. Wannan tun wajen mai zane ake gyara shi, saboda haka ku auna kafin ku soma. Hular mai lamba 22 ba za ta karɓi zanen da aka tsara wa 23 ba tare da wani gida na zanen ya guntule ba.

Akwai abin da ban yarda aibi ba ne, ko da wasu na kiransa haka. Hular inji kowane ɗinki daidai yake da ɗan'uwansa, amma har gobe ta hannu ta fi ta daraja a kasuwa. Ku samu hular Bama ta gaske ku riƙe. Mutanen garin Bama na jihar Borno da rikicin Boko Haram ya tasa a 2014, da yawansu da wannan sana'a suka riƙe kansu a Maiduguri, kuma aikinsu ake kwatance da shi. Idan kuka ƙura ido za ku ga ɗan bambanci tsakanin ɗinki da ɗinki, sai dai babu sako-sako, babu tattarewa, launi bai hau kan launi ba. Wannan nake so hannuna ya kai.

Hukunci na ƙarshe yana wajen mai wankin hula. Sai ta sha ruwa da sitaci, an ɗora ta a katako ta bushe, sannan ake sanin ko zaren na zuba. Saboda haka kafin in taɓa kan hular nan, zan jiƙa guntun jan zaren da na saya tare da ƙyallen farin yadi in gani. Wanda ya san zaren ja da ba ya zuba a cikinku, don Allah ya faɗa mana irinsa da inda ake samu.