Abin da matashin mai zane ya bari: darussa daga adana takardun Isaac Rosenberg

A kan dutsen kabarin Isaac Rosenberg, kusa da garin Arras a arewacin Faransa, an rubuta cewa shi mai zane ne kuma mawaƙi. An haife shi a Ingila a 1890, ɗan talakawan Yahudawa 'yan ci-rani. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, sai a 1911 ya samu shiga makarantar zane ta Slade da ke Landan. An kashe shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 1 ga Afrilu 1918, yana da shekara 27. Ƙananan littattafai uku kacal ya buga da ransa, a 1912 da 1915 da 1916, kuma ba su yi kasuwa ba.

To, me ya hana sunansa bin ruwa? 'Yar'uwarsa Annie. Waƙoƙin da yake rubutawa da fensir a guntayen takardu a ramin yaƙi, ita yake aika wa ta buga su da tafireta. Bayan mutuwarsa ta riƙe takardun, ta yi ta bin masu faɗa a ji har aka fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsa a 1922, sannan tarin ayyukansa a 1937. Duk mai aikin adana takardu ya san darasin nan: taron tunawa da mamaci yini guda ne, abin da aka tsince a ɗakinsa cikin makonnin farko shi ne zai rage.

Kuskuren da dangi suka fi yi, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne gyaran ɗaki. Sai a ware "masu kyau" a zubar da masu karce-karce. Alhali takardar da aka soke layi uku a cikinta ta fi kwafin ƙarshe daraja, domin ita ke nuna yadda baitin ya samu. Kada a sake jera komai. A ɗauki hoton yadda aka tarar da shi, a sa wa kowace takarda lamba da fensir a kusurwar baya, ban da biro, don tawadarsa tana ratsa takarda. A kuma bi abokan mamacin. Rosenberg kan aika waƙa ɗaya ga mutane daban-daban, irin su mawaƙi Gordon Bottomley da Edward Marsh mai tallafa wa mawaƙa, kuma da wasiƙun nan ne masana ke gane wane kwafi ya riga wane. Mai bugawa kuwa ya danne zuciyarsa, kada ya gyara wa mamaci nahawu ko ya cike masa baitin da bai ƙarasa ba.

Sai maganar ajiya. A cire duk ƙarfen da aka matse takardu da shi, tsatsa yake yi. A cire robar ɗauri, narkewa take ta manne. Salatif abokin gaba ne: gam ɗinsa yana rina takarda, tabon ba ya fita. Haka liƙe takarda cikin leda da na'ura mai zafi, wanda mutane ke ɗauka gata ne. An yi ke nan, ba a warwarewa. Rubutun fensir ba ya dusashewa a haske kamar tawada, amma yana gogewa, shi da zanen gawayi, don haka a sa farar takarda marar asid tsakanin kowane biyu.

Danshin iska in ya wuce kashi 65 cikin ɗari, hunhuna ta samu gida. Ga mai ajiya a ƙasashenmu, damina ta kawo laima, hunturu ya busar da takarda har ta riƙa karyewa, ga gara tana jira. Akwatin ya zauna a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon waje, kuma a riƙa buɗe shi ana dubawa. Zanen fenti a kan ƙyalle ba a wanke shi da ruwa, ba a ninke shi. In dole sai an naɗe, a kan bututu mai faɗi, fentin yana waje. In yana ciki, matsewa yake ya fashe.

Matashin yau kuwa, rabin waƙoƙinsa suna cikin waya da Facebook da WhatsApp. In ya rasu, kada a goge wayar don a ba ƙanensa, kada a bar layin ya mutu, domin ta nan lambar shiga shafukansa ke zuwa. A kwashe komai tare da kwanan watansa, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Takardun kuma a ɗauki hotonsu gaba da baya, ko da bayan lissafin bashi ne kawai a jiki.