Kada ku goge asalin fayil ɗin kiɗan tsoffin gem

Ƙannena masu tara kiɗan tsoffin gem, ga ɓarnar da na yi da hannuna, don kada ku maimaita.

Na daɗe ina tara kiɗan na'urorin da muka taso muna bugawa a gidan gem na unguwarmu, su Famicom da Mega Drive da Super Nintendo. Ran nan wayata ta ƙi buɗe su, sai na mayar da su duka MP3, na goge na asalin, a zatona na yi dabara. Ashe ban san abin da ke hannuna ba.

Fayilolin da na goge iri uku ne: NSF da SPC da VGM. Fayil ɗin NSF, na kiɗan Famicom, ba sauti ba ne da aka naɗa. Umarni ne da aka ciro daga kaset ɗin gem, wanda yake gaya wa guntun Ricoh 2A03, wato ɗan ƙaramin sashen da ke fitar da sauti a cikin Famicom, abin da zai kaɗa da muryoyinsa 5. Shi ya sa kiɗan gem guda sukutum yake shiga 'yan kilobait, alhali MP3 na minti ɗaya kan ci kusan megabait. SPC kuwa kwafin ƙwaƙwalwar sashen sautin Super Nintendo ne, kilobait 64, kowane kiɗa da fayil ɗinsa. Na Mega Drive, VGM, rubuta duk abin da aka aika wa guntun YM2612 na Yamaha yake yi, bi da bi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryoyin. Da na asali, ina iya kashe sauran in bar ta ƙasa ita kaɗai, mai kaurin nan, in saurari yadda mai kiɗan ya jera ta. Kiɗan kuma juyawa yake yi ba iyaka, kamar a cikin gem. MP3 ɗin ya haɗe su wuri guda, ya yanke a minti biyu.

Na sake yin wata ɓarnar da kiɗan PlayStation. Na ga wani fayil psflib da ba ya kaɗa komai, na ce shara ce, na goge. Ƙananan fayilolin kiɗan, wato minipsf, duk suka yi tsit, domin kayan sautinsu a cikin psflib ɗin suke.

In za ku yi MP3 don waya, ku yi, amma na asali ya zauna a jakarsa yadda kuka same shi, ku ajiye kwafi a filash. A kwamfuta, manhajar kiɗa ta foobar2000 tana buɗe su in an ƙara mata abin da ya dace, manhajar VLC ma tana kaɗa NSF da SPC.