Lahadi, 20 ga Agusta 2017: Dick Gregory ya rasu

Da safe labari ya iso cewa Dick Gregory, mai barkwancin nan na Amurka kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ya rasu jiya Asabar a birnin Washinton, yana da shekara 84. Duk yinin nan kafafen labarai suna ta maimaita yadda ya yi fice a 1961 a kulob ɗin Playboy na Shikago, baƙar fata tsaye gaban fararen fata 'yan kudancin Amurka, yana ba su dariya da zancen wariyar launin fatar da su kansu suke yi. Gaskiya ne. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne abincin Greenwood.

A Oktoban 1962 hukumar gundumar Leflore, a jihar Misisipi, wadda Greenwood ne babban garinta, ta dakatar da rabon abincin tallafi na gwamnatin tarayya. Kowa ya san dalili: baƙaƙen fata sun fara zuwa rajistar zaɓe. Yawancinsu 'yan ƙwadago ne a gonakin auduga, da zarar an gama tsinka sai aiki ya yanke har bazara, su da 'ya'yansu su dogara da garin abinci da shinkafa da madarar gari na tallafin. An yanke wa kusan mutum 22,000, ga hunturu ya kama. Tura kaya ta mota ma da haɗari, don a watan Disamba an kama ɗalibai biyu a garin Clarksdale na jihar da motar abinci da magunguna, aka ƙaƙaba musu laifin safarar ƙwaya.

Gregory ya tara kayan a Shikago, ya yi shatar jirgin sama da kuɗin aljihunsa a Fabrairun 1963, ya ɗauko abinci fam 14,000, wato sama da tan 6. Tan 6 ba zai ciyar da gunduma ba, shi ma ya sani. Abin da jirgin ya kawo na gaske shi ne 'yan jarida da kyamarorinsu, hukumar da ke cewa babu yunwa ta rasa bakin magana. Matasan SNCC, ƙungiyar ɗalibai masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, kuma suka mai da wurin rabon wajen yi wa mutane bayanin rajista.

Wannan aiki ya ci masa dukiya ba kaɗan ba. Mai barkwanci da dare yake samun kuɗinsa, duk daren da ya kwana a kurkuku ko wajen zanga-zanga wasa ne aka soke, masu kulob kuma ba sa son wanda ba su da tabbacin zuwansa. An tsare shi a Birmingham ta jihar Alabama a Mayun 1963, an harbe shi a ƙafa a rikicin unguwar Watts ta Los Angeles a 1965 yana ƙoƙarin kwantar da tarzoma, daga baya ya shiga yajin cin abinci kan yaƙin Biyetnam. A 1968 ya nemi shugabancin ƙasa, ya samu ƙuri'a wajen 47,000.

Ya bar matarsa Lillian, wadda ita ma aka sha kamawa, da 'ya'yansu 10.