Intakular da ta raba ni da garejin Oga

Watan jiya na kwashe akwatin sifanonina daga garejin da na shekara 11 a cikinsa. Duk wanda ya tambaye ni dalili, cewa nake lokaci ne ya yi. Haka ɗin ne, amma abokan sana'a na layinmu sun san Hilux ɗin Alhaji ce sila, don a gabansu aka yi.

Vigo ce ƙirar 2010, mai shan gas, wato dizal, injin 1KD lita 3 da turbo. Alhaji kaya yake ɗauka daga Kano zuwa kasuwannin ƙauyen arewacin Yobe, ta Nguru da Gashuwa har cikin rairayin Yusufari. Kukansa ɗaya ne: da safe mota kamar ingarma, amma da rana ta take, ta shiga yashi da kaya, sai jikinta ya mutu, direba na taka totur tana amsawa da ƙyar.

Wanda ya saba da Vigo ya san inda gizo ke saƙar. Intakularta, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin, a saman injin take kwance, ƙarƙashin ɗan hancin nan na kan bonet. Turbo matse iska yake yi, iska kuwa in ta matsu zafi take ɗauka, tana iya fitowa daga bakinsa sama da digiri 120. In ta shiga silinda a haka ba ta da auki, kowane ƙarin digiri 3 yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinta. A kan kwalta, ana gudun kilomita 100, iskar da ke shiga ta hancin bonet tana wadatar da intakular. A cikin yashi kuwa, a giya ta biyu, babu iskar kirki, sai hucin injin da ke tasowa daga ƙasa yana gasa ta. Maganin da aka sani shi ne a sauko da intakular gaba, bayan bamba, a sa wadda ta fi ta girma. Har nan bakinmu ɗaya da Oga.

Shi ya je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, da kansa. Ya dawo da wata mai kaurin inci 4, faɗinta ya cike gaban motar kaf. Da na gwada ta sai na ga ta rufe kondensar esi da lagireto tun daga sama har ƙasa, kuma ba za ta zauna ba sai an yanke robobin nan na gefe masu kora iska cikin lagireto. Na ce, "Oga, anya ba za ta tare wa lagireto numfashi ba?" Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kai ka koya min aikin ko ni na koya maka? Ɗaura kawai, babba ai ita ce babba." Yara uku na tsaye suna ji. Na ja bakina na yi shiru, na ɗauko zarto.

Aikin hannu dai na yi shi, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Bututun alminiyam na sa mai walda ya tayar wa kowanne leɓe a baki don kada matsi ya fizge hos. Na wanke garin yankan da fetur har sau biyu, don ƙwaya ɗaya in ta shige silinda ta isa ta yi ɓarna. Kilif duk masu noti na sa, ban yarda da na sukundireba ba. Sai gwaji. A watan Janairu ne, da sanyin safiya, hunturu na kaɗawa, bayan mota wayam babu ko buhu ɗaya. Na miƙa hanyar Wudil na dawo, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Na dai lura turbo na ɗan jinkiri kafin ya amsa, tunda yanzu sai ya cika wancan ƙaton ciki da dogayen bututu tukuna, amma da ya kama sai mota ta tashi. Alhaji ya ji daɗi, har da tukwici.

Cikin Afrilu waya ta shigo bayan azahar. Mota ta tafasa a yashi bayan Gashuwa. Direba ya jira ta huce, ya ɗura ruwan jarka, ya ci gaba, ta sake tafasa, ya sake ɗurawa. A karo na uku farin hayaƙi ya biyo salansa. A bayan babbar mota aka kawo mana ita. Da na zaro sandar baƙin mai, abin da ya biyo ta kamar shayi mai madara. Gasket ya ƙone, kan injin, wanda na alminiyam ne, ya lanƙwashe, ga tsaga siririya tsakanin bawul biyu. An je neman ƙiba an samo rama.

Alhaji ya zo ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Oga ya tarye shi da hannu biyu, ya nuna ni ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, aikin yaron nan ne. Na ce ya sa ƙarama, ya ce shi ɗan zamani ne, a waya ya gani." Shekarata 34, 'ya'yana uku. Yaran da suka ji abin da aka faɗa ranar nan duk suka sunkuyar da kai, ɗaya ya kama goge sifanar da ba ta da datti. Ban zarge su ba, ni ma da nake babba ai shirun na yi. Kasona na wata huɗu aka riƙe aka sayi kan injin.

Na yi makonni ina tafasa kamar motar. Sai dai laifi tudu ne, kuma nawa na same shi tun ranar da na kwance gaban motar. Kulocin fanka, wanda ke sa fankar lagireto ta juya da ƙarfi in injin ya yi zafi, ya mutu: man da ke cikinsa ya tsiyaye, da ɗan yatsa na kaɗa fankar ta yi ta juyawa kamar ta wasan yara. A cikin yashi, inda mota ba ta gudu, fankar nan ita kaɗai ce ke jawo iska. Da mai lagireto ya buɗe tankin sama, kusan rabin hanyoyin ruwan sun toshe da farin dutsen ruwan rijiya, don shekara da shekaru abin da ake zuba mata ke nan. Wato motar dama a bakin gaɓa take tafiya. Mu kuma muka kawo bango muka gina mata a gaba, iskar da ta samu ta ratsa ma sai ta kwashi zafin intakula, ta ƙara da na kondensa, sannan ta iso lagireto a gajiye. Duba fanka da lagireto bai fi aikin minti 10 ba. Wannan ba Oga ne ya hana ni ba. Hankalina ya tafi kan kyan walda da sheƙin bututu, na gwada motar yashi a kan kwalta, na gwada motar bazara a hunturu, na gwada motar kaya ba kaya.

Ni na sake aikin, da daddare bayan an tashi, don ban so kowa ya sa min baki. Na samo intakula sirirya, gajeriya, na zaunar da ita ƙasa yadda saman lagireto zai sha iska kai tsaye. Sabon lagireto, sabon kulocin fanka, ruwan kulan na gaskiya, wato wanda aka yi don sanyaya injin, robobin da na yanke kuma na maye su da langa-langa. Ranar gwaji na jira ƙarfe 2 na rana, na loda buhun siminti 15, na nemi hanyar yashi a bayan gari, na jona kwamfuta ina karanta zafin ruwa da lamba. Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce, tana zama a tsakiya ko zafi na hawa, kafin ta ɗaga an kusa makara. Awa ɗaya ina wahalar da ita a giya ta biyu, lambar ba ta bar wajen 90 ba. Motar ta yi bazara biyu tun daga nan. Oga ya gaya wa Alhaji shi ya zauna ya gano matsalar.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Kafin mota ta fita, a toshe bututu a hura iska a bi mahaɗa da ruwan sabulu. In an ga mai ya taru a tsohuwar intakula a binciki turbo, don injin gas yana iya kama shan baƙin man kansa ya ƙi mutuwa ko an zare makulli. Girman intakula da lagireton da ke bayanta ake auna shi, ba da faɗin bamba ba. Ga masu tasowa kuma: in maigida ya ce ka ɗaura abin da ranka bai kwanta da shi ba, ka maimaita maganarka da ladabi a gaban mai motar. Zai ji haushi kwana biyu. Ni wata huɗu na biya.

Ranar da zan tafi na durƙusa na yi masa godiya, don a hannunsa na koyi kama sifana, wannan ba zan taɓa musu ba. Ya sa min albarka, bai tada zancen ba, ni ma ban tayar ba. Alhaji yanzu rumfata yake kawo motocinsa, ban tambaye shi wa ya gaya masa gaskiya ba. Shekaranjiya Oga ya aiko yaro aron abin gwajin matsin lagireto. Na ba shi, na ce ya dawo min da shi kafin la'asar.