Na cire faifai na ƙarshe: inda na kwana a mako na bakwai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyo. Daren jiya, wajen ƙarfe sha ɗaya, na kwance faifan ajiya daga cikin ta ukun kwamfutocin da nake mayarwa su riƙa tashi ta netwok ba tare da faifai ba, na mayar da murfi, na danna maɓalli. Ta nemi adireshi, ta jawo babbar manhajarta ta cikin wayar netwok, kafin shayin da ke hannuna ya huce kwamfutocin kwaikwayon da ke kanta duk sun tashi. Yanzu ukun babu mai faifai a ciki. Mako bakwai ke nan ina wannan aiki a ɗakina a nan Jos, shi ya sa na ga gara in rubuta tun abin yana sabo a kaina, musamman wuraren da na daɗe ina tuntuɓe.

Ga wanda bai san kayana ba: kwamfutoci huɗu ne 'yan Kwatano, irin ƙananan nan na ofis, da na riƙa saye ɗaya bayan ɗaya. Uku su ne masu masauki, kowacce da RAM giga 16, a kansu nake tayar da kwamfutocin kwaikwayo ta hanyar KVM, wanda yake cikin Linux tun 2007. Waɗannan na kwaikwayon su nake kira baƙi. Ta huɗun ita ce uwar garke, wadda sauran ke ɗauko kayansu daga gare ta. Ita kaɗai ke da faifai, kuma ita da rauta da suwic, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, su ne a kan inbata.

Da can kowace mai masauki da faifanta da Debian ɗinta. Ba a yi wata uku ba suka daina kama da juna. Wannan na taɓa mata wani saiti cikin dare ban rubuta ba, waccan na sabunta ta na bar sauran. Ga kuma wuta da ake ɗaukewa ba sallama: sau biyu faifai ya rikice ana tsakiyar rubutu, na kwana ina sake girka komai. Daga nan na yanke shawarar mai masauki ba za ta ƙara riƙe komai ba. Duk lokacin da ta tashi, daga ƙunshi ɗaya za ta tashi, wato fayil guda mai ɗauke da babbar manhajar gaba ɗaya, irin wanda 'yan uwanta suka samu. Manyan ma'aikatu sun daɗe da wannan dabara. VMware ta fito da nata, Auto Deploy, tun 2011. Ni dai da kayan kyauta nake yi.

Yadda tashin yake tafiya

Katin netwok na kwamfuta yana ɗauke da wata 'yar manhaja mai suna PXE, tsarin Intel ne, bugun da ake bi har yau na 1999 ne. Da an kunna kwamfutar sai katin ya yi shela ta DHCP, tsarin raba adireshi a netwok, yana neman adireshi, tare da neman a gaya masa inda zai ɗauko fayil ɗin tashi. Rautar gidanmu tana raba adireshi amma ba ta da gurbin da za a rubuta sunan wannan fayil, ni kuma ban so in taɓa ta in jefa wayoyin mutanen gida cikin matsala. Sai na girka dnsmasq a kan uwar garke a matsayin wakili: ba ya raba adireshi, rauta ke yin wannan, shi dai yana ƙara cewa ga inda fayil yake.

Fayil ɗin farko ta TFTP yake zuwa, ita kuma TFTP a asalinta bayit 512 take aikawa, ta tsaya sai an ce ya iso, sannan ta sake aika wani. Ba a jawo kaya mai nauyi ta wannan hanya. Abin da nake turawa ta nan ƙaramin iPXE ne kawai, wata manhajar tashi ta netwok da ta fi PXE iyawa, shi kuma ya iya HTTP, sai ya jawo sauran da gudu.

Kwana biyu na yi a kan abu ɗaya a nan. Da iPXE ya tashi sai ya sake tambayar DHCP, a sake ba shi sunan iPXE, ya sake jawo kansa, haka ba iyaka. Ana iya koya wa dnsmasq ya gane shi ta zaɓi na 175 da yake aikowa, ya ba shi amsa daban. Ni na fi son in haɗa iPXE da kaina in cusa masa rubutun umarni a ciki ta hanyar EMBED, yadda da ya tashi ya riga ya san inda zai nufa. Tunda kuma haɗin hannuna ne babu sa hannun kowa a kansa, dole na kashe Secure Boot, tsaron da ke hana tayar da manhaja marar sa hannu. Ɗaya daga cikin ukun ma a tsohon tsarin BIOS na same ta. Kwamfuta tana faɗin irinta a zaɓi na 93, lamba 0 ga BIOS, lamba 7 ga UEFI mai bit 64, kuma fayil ɗin wannan ba ya tayar da waccan. Maimakon in riƙe fayil biyu, na mayar da duka UEFI.

Rubutun da ke cikin iPXE gajere ne: ya karanta lambar MAC ta katin, wato lambar da ake gane shi da ita a netwok, ya nemi fayil mai wannan suna a kan uwar garke. Kowace mai masauki tana da nata, layi huɗu ko biyar, yana nuna kanel (zuciyar Linux) da initrd (kayan farkon tashi) da ƙunshin da za a jawo. Ƙunshin kuwa Debian 12 ne da na gina da mmdebstrap, na sa masa live-boot da QEMU da libvirt, na matse shi da mksquashfs. Nawa yana kusan mega 600, kuma duka cikin RAM yake zama, don haka ku cire wannan daga abin da za ku raba wa baƙi. Wani abu da ya ci mini maraice guda: a layin fetch= na rubuta sunan uwar garke, ya ƙi. Da na sa lambar adireshinta sai ya wuce. Ashe takardar bayanin live-boot ma ta faɗi haka, ni ne ban karanta har can ba.

Mai masauki ta biyun kuma kullum tana makara da kusan minti guda. Na yi ta bincike a manhaja har wani abokina mai gyara ya leƙo, ya ce, "Malam, ka duba kan wayar tukuna." Na buga ethtool don in ga gudun katin, sai ga 100 maimakon 1000. Gudun gigabit yana buƙatar silin waya takwas duka, na 100 kuwa huɗu sun ishe shi, shi ya sa waya mai sili ɗaya a katse take aiki amma a hankali. Mega 600 a gigabit daƙiƙa shida ne ko bakwai, a 100 kuwa ya haura daƙiƙa hamsin. Muka sake matse kan wayar, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ba ni aiki

Na ɗauka tayar da kwamfuta ta waya shi ne wahalar. Ashe wahalar tana wajen zaɓar abin da za a bar ta ta manta da abin da dole a ajiye mata a wani wuri. Duk abin da ta rubuta bayan ta tashi, overlayfs a RAM yake zuba shi, da an kashe ya tafi. Wannan shi nake so, amma a cikin abin da ke tafiya har da shaidar ko ita wace ce.

Ƙunshina na farko da machine-id a ciki na matse shi, wato lambar shaidar kwamfuta, ban lura ba. Ukun suka tashi da lamba ɗaya. Gadar netwok da baƙi ke bi, wato br0, systemd daga wannan lamba da sunan gadar yake ƙirƙira mata MAC, sai ga gadoji uku da MAC ɗaya a kan suwic ɗaya. In shiga ta farko daga nesa ta SSH, bayan ɗan lokaci in ga ta yanke, in sake shiga in tarar da kaina a ta uku. Ranar na ɗauka suwic ne ya lalace. Da na gano, na share lambar daga ƙunshin, sai matsalar ta juya: kowane tashi sabuwar lamba, sabon MAC, sabon adireshi daga rauta. Maganin yana cikin systemd ɗin kansa. Akwai systemd.machine_id= da ake rubutawa a layin kanel, kuma don masu tashi ta netwok aka tanade shi. Na ba kowacce lambarta a cikin fayil ɗinta na iPXE, sannan na keɓe mata adireshi a rauta.

Makullan SSH ma haka. In an bar su suna sabuntawa, kullum kwamfutarka tana gargaɗin cewa wannan ba wadda ka sani ba ce, kuma ranar da ka saba da tsallake gargaɗin nan ya daina yi maka amfani. Yanzu makullan suna kan uwar garke, kowace mai masauki tana ɗauko nata ta NFS, hanyar buɗe jakar wata kwamfuta ta netwok, a jakar da aka buɗe wa adireshinta kaɗai. Wannan tsaro ne na cikin gida. Wanda ya sa waya a suwic ɗina ya ari adireshin zai iya kwashe su, don haka kada wani ya kai wannan tsari ofis yadda yake.

Sai bayanin baƙi. libvirt, manhajar da ke kula da baƙi, a /etc yake ajiye siffar kowane baƙo, wato tana ɓacewa a kowane tashi. Na mayar da fayilolin XML ɗin kan uwar garke, jaka ɗaya ga kowace mai masauki, da wani ɗan aiki da ke bi ta kansu da virsh create bayan NFS ya hau. Faifan baƙin, irin qcow2, su ma suna can. A nan akwai haɗari babba: in masu masauki biyu suka tayar da baƙo ɗaya, dukansu suna rubutu a faifai ɗaya, faifan ya tafi. Na kunna virtlockd, mai kulle faifai don kada biyu su riƙe shi lokaci guda, tun kafin in ga hakan da idona. Ladan wannan wahala kuwa na same shi ranar Talata, da na kwashe baƙo daga ta farko zuwa ta biyu yana tsakiyar aiki, ina buga masa ping daga wayar hannuna don in ga ko yana amsawa, bai ko mutu ba. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Rajistar abubuwan da ke faruwa ita ma RAM take ci a hankali. Na ƙayyade wa journald, mai riƙe rajistar, mega 64, sauran rsyslog yana tura su uwar garke, inda zan same su ko bayan an ɗauke wuta.

Gina ƙunshi ba da hannu ba

Wannan ɓangaren bai wahalar da ni sosai ba. Rubutun umarni ɗaya ne yake gina ƙunshi duk daren Juma'a, ya zuba shi a jaka mai kwanan wata. Saboda tsadar data na sa apt-cacher-ng, abin da aka taɓa saukewa ba a sake sauke shi. Akwai mahaɗi biyu, ɗaya sunansa "gwaji", ɗaya "yanzu". Ta uku ce kaɗai ke bin gwaji. In ta tashi, /dev/kvm yana nan, NFS ya hau, ƙaramin baƙon gwaji ya amsa, sai in matsar da "yanzu" zuwa sabuwar jakar. Wannan matsarwa har yanzu da hannuna nake yi, da gangan, har sai na ƙara yarda da gwajin.

Ya riga ya cece ni sau ɗaya. Debian 12 ta ware manhajojin cikin kati zuwa sashen non-free-firmware, ni kuma da na sake tsara rubutun sai na manta da sashen. Katin netwok na ta uku ya riƙa yankewa. Sauran biyun ba su ma san an yi ba. Na mayar da gwaji kan jakar makon jiya, na sake kunna ta, cikin minti biyu ta dawo daidai. A da, irin wannan kuskure kwana guda yake ci mini.

Inda ban gama ba

Wuta. Da farko na saita masu masauki su kunna kansu da an kawo wuta. Amma ranar da ɗaukewar ta yi tsawo har batirin inbata ya ƙare, sai huɗun su tashi tare, ukun su riga uwar garke shiryawa, su yi shela babu mai amsawa, su tsaya cak suna cewa babu abin tashi. Na kashe wannan saiti. Yanzu uwar garke ce ke tashe su bayan dnsmasq da HTTP da NFS sun zauna, ta hanyar Wake-on-LAN, wato ɗan saƙo mai bayit 102: FF sau shida, sannan lambar MAC sau 16. Biyu suna amsawa, bayan na kashe musu saitin barci mai nauyi a BIOS. Ta farkon kuwa, in wuta ta yanke mata gaba ɗaya, ba ta jin kira sai an danna mata maɓalli. In ba na gida ƙanena ke yi, har ya saba yi mini waya ya ce, "Yaya, an kawo, na danna mata."

Abin da nake tunani shi ne in sa mata iPXE a kan ƙaramin filashi, da umarnin ya yi ta sake gwadawa har uwar garke ta amsa, in mayar mata da saitin kunna kai. Filashin ba zai riƙe komai nata ba, don haka ban saɓa ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ba. Duk wanda ya taɓa warware wannan ta wata hanya, don Allah ya nuna mini.

Babbar damuwata dai uwar garke ce. Na kwashe nauyin kwamfuta uku na ɗora wa faifai ɗaya tilo, kuma shi ma ɗan Kwatano ne. In ya tsaya, baƙi duka sun daskare, masu masauki kuma ba za su sake tashi ba. Faifan nan uku da na cire suna cikin aljihun tebur. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan gwada lafiyarsu da smartctl, wanda ya fi ƙwari in haɗa shi da na uwar garke su riƙa rubutu tare, na biyu kuma ya zama wurin kwafin mako-mako. Zan kuma hure ƙurar hunturun nan da ta fara taruwa a fankokinsu tun da na buɗe murfin.